Dariyar Mai Takaba

Kwana goma sha biyu da rasuwar mijina na yi dariya, kuma yayarsa ta ji ni. Ba murmushi ba, dariya har da riƙe ciki. Ina zaune a bakin gado da wayarsa a hannuna, ina kallon wani bawan Allah da ya ɗora babur a kwale-kwale, ya hau kan babur ɗin ya zauna kamar yana kan kwalta. Matuƙin yana roƙonsa ya sauko, shi yana gyara hula. Sauran ba sai na faɗa ba. Da na ɗago, sai ga Yaya a bakin ƙofa riƙe da labule.

"Dariya kike yi?" ta ce. "Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

Na ce, "Yaya, da wannan ruwan da ake tafkawa ai ba ta bushewa sai kaka."

Ban kyauta ba, na sani. Amma bakina yana riga ni tun ina budurwa, kuma mutuwar miji ba ta gyara shi ba.

Yaya daga Guri ta zo. Ita ce babbar ɗakinsu, ita ta goya mijina, kuma kwana bakwai ta zo yi. Kafin sadakar bakwai kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya yanke hanya, maza suna ta jera buhunan yashi a jinga. Sai ta kwance ƙullin kayanta ta ce Allah ne ya tsayar da ita don ta kula da takabata. 'Yata ta koma gidan mijinta a Jahun, ɗana ya koma makaranta. Gida ya rage daga ni sai ita, da wata huɗu da kwana goma da zan yi ban taka ƙofar waje ba.

Ta zo da dokokinta. Ta juya madubin ɗaki ya kalli bango, don mai takaba ba ta ganin fuskarta. Ta ba ni 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita ko banɗaki zan shiga. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, wannan na sani kuma na yarda. In namiji ya yi sallama, daga bayan labule zan amsa. Duk na bi. Da ta ce wanka sai Juma'a Juma'a ne na ce mata a zafin Haɗeja ita za ta fara gudu daga ɗakin, ta ƙyale ni.

Abin da ba a faɗa wa mace game da takaba shi ne tsawon yini. Masu gaisuwa suna ɗaukewa bayan bakwai. Ki yi sallah, ki yi karatu, ki ja carbi har yatsu su gaji, ki leƙa tsakar gida, rana tana nan inda kika bar ta. Ga wani abu kamar dutse a ƙirjina. Tun ranar da aka fita da shi ban zubar da hawaye ba, na matsa sun ƙi zuwa, kuma na san mata sun lura. Wayar nan ce ta riƙe ni. In buga ludo da na'ura, in jera 'ya'yan itace masu kala ɗaya su fashe, in kalli wata tana koya girkin da ba zan taɓa yi ba. Ba don ita ba, da bango zan riƙa yi wa magana, kuma na ji tsoron ranar da zai fara amsa mini.

Mijina kifi banda yake sayarwa a kasuwar kifi, kuma bayan iyalinsa ba abin da yake so kamar fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Bayan la'asar zai dawo yana warin hayaƙi, ya jingina wayar a jikin kwanon sha, mu zauna a tabarma. Minti ashirin ba ta cika yake fara gyangyaɗi. Ni nake kallon tsakiya duka, da waƙoƙin da makircin. Da an doshi magariba sai in tashi in tuƙa tuwo, shi kuma ƙarar faɗan ƙarshe ta tashe shi. Ya kan ce bari ya tsayar ya jira ni, in ce ya bar shi, ya ba ni labari. Na fi son ƙarshen daga bakinsa, yana cin tuwo yana nuna yadda aka naushi bos, miya tana ɗiga daga hannunsa.

Akwai wani guruf a wayar, na masu son irin waɗannan finafinai, daga Haɗeja har ƙauyukan fadama. Duk Juma'a bayan la'asar wani malamin firamare yake jefo tambaya goma a kan wani fim da aka taɓa kallo, minti ɗaya kowace tambaya. Shekara uku mijina yana lashewa, har suka naɗa shi sarkin guruf. Wani tela daga Miga kullum shi ne na biyu, kullum yana ƙorafi. Abin da ba su sani ba, ni ce a gefensa ina faɗa yana rubutawa. Ladana kan tarwada mai kyau, ya ɗauko mini shi dabam a takarda. Ban taɓa tona shi ba, amma a zuciyata na san wa ke riƙe da sarautar.

Washegarin dariyar, Yaya ta zo da sabuwar hujja. Ta ce in kashe wayar in miƙo mata. Ta ɗaga baƙin gilashin daidai fuskata.

"Me kika gani?"

"Ni ce."

"To kin gani. Madubi ne. Ni ina can ina juya na bango, ke kina nan kin rungumi na hannu."

Na ce, "Yaya, in na leƙa randa ma ina ganin fuskata. In daina shan ruwa?"

Ta yi kicin-kicin da fuska. Don in kashe bakin maganar, na nemo mata wa'azin wani malami a wayar, yana bayani dalla-dalla cewa abin da aka hana mai takaba ado ne da aure da kwana a wani gida, sauran duk al'ada ce. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. A raina na ce na ci. Sai ta ce, "Yanzu ga namiji ya yi miki magana a cikin ɗaki, ba labule."

Daga nan muka shiga zaman doya da manja. In ina ludo ta ɗaga muryar tasbihi. In na sa abin kunne ta ce ina ɓoye zunubi. Wata rana na ji ta tana faɗa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa ƙanenta ya yi zaman shekara ashirin da huɗu da macen da ba ta da ɗigon hawaye ɗaya dominsa. Wannan ta shige ni. Na zauna a ɗaki, don haushi na buga ludo sau takwas a jere, na ci na'ura sau shida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban ga dalilin da zan hau katanga in nuna wa unguwa nawa ba.

Da ta ga ba ta iyawa da ni, ta aika a kira autansu. Ƙanin miji abokin wasa ne, shekara da shekaru ina tsokanarsa da cewa ƙafarsa ta fi takalminsa, amma ranar da ya tsaya bayan labule muryarsa ta manya ce.

"Matar Yaya, ki yi haƙuri. Wayar nan kayan marigayi ce, kayan gado ce. Ya kamata a haɗa ta da sauran kaya a kulle sai ranar rabo. Juma'a in an sauko zan zo in karɓa."

Na san ba tunaninsa ba ne, haddar da aka ba shi ce. Amma maganar tana da ƙafa, ba kamar ta madubi ba. Kwana uku ina juya ta. Na lissafa abin da ya rage mini, wata uku da 'yan kwanaki, ni da Yaya da wuƙa.

Ranar Juma'ar ya makara, sai bayan la'asar ya shigo. Yaya ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ina daga ɗaki wayar ta yi ƙara. Tun rasuwar guruf ya dakatar da gasa don girmama sarkinsa, sai ga malamin firamare ya rubuto cewa yau za a koma, kuma wanda ya ci shi zai gaji kujerar marigayi. Telan Miga har ya fara godiya tun ba a fara ba. Za a karɓe wayar, za a ba tela sarautar da na yi shekara uku ina ci, ni kuma in zauna in kalli bayan madubi.

Na ce ta bayan labule, "Ka ba ni minti goma."

Yaya ta ce, "Minti goman me?"

Tambaya ta farko ta riga ta shigo. Fim ɗin na san shi, mun kalle shi mako biyu kafin ciwo ya kwantar da mijina. Mece ce sana'ar uban jarumin? Na rubuta, mai gyaran agogo. Wane launi ne gyalen da yarinyar ta yar a tashar jirgin ƙasa? Ruwan goro. A ta uku guruf ya rikice. Lambar mamaci tana amsa tambaya. Wani ya rubuto innalillahi, wani ya ce a yi wa Allah a faɗi ko waye.

Na rubuta, "Matar marigayi ce. Malam, ci gaba, lokaci yana tafiya."

Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Kaina garau. Yaya ta ɗaga labule tana faɗa, ina jin muryarta kamar daga bakin kogi. Na riga na shirya abin da zan rubuta in na gama: ku sani, shekara uku ni ce, ba shi ba. Na ci ta tara kafin tela ya gama karanta ta.

Sai ta goma ta shigo. A ƙarshen fim, wa ya rage a cikin jirgin ruwa?

Na juya hagu, inda mijina yake zama, na ce, "Malam, ya aka ƙare?"

Da ƙarfi na faɗa, Yaya ta ji, ƙaninsa ya ji. Ba kowa a hagu sai filo. A lokacin na tuna ranar ina madafi, ya ba ni labarin ƙarshen yana cin tuwo, ni kuma hannunsa nake kallo, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa buƙatar riƙewa ba. Duk Juma'ar shekara ukun nan, in an zo tambayar ƙarshe, shi yake rubutawa ba tare da ya tambaye ni ba, kuma ban taɓa lura ba don ina can ina ƙirga tawa bajintar.

Minti ɗayan ya wuce. Tela ya amsa, ya ci goma cif. Dutsen nan na ƙirjina ya fashe, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki makara, irin mai sauti, wanda ba kyan gani. Ina kukan na goge gilashin da bakin mayafi na rubuta musu, "Tara nawa ne. Na goman na marigayi ne, tare muke yi."

Da na samu numfashi na ce ta bayan labule, "Ƙanina, kana nan?"

"Ina nan, matar Yaya."

"Ai ina da tumunina a gadon nan. Ranar rabo ku fara sa mini wayar a ciki. Kafin ranar kuma tana hannuna amana, wanda zai karɓe ta sai ya shigo ɗakin mai takaba ya ɓamɓare yatsuna."

Sai na ji yana laluben takalminsa, ya ce a gaishe ni da haƙuri, ya fita.

Yaya ba ta ce ta yi kuskure ba, ba a haife ta da wannan kalmar ba. Kuma ban yafe mata maganar katanga da wuri ba. Amma bayan kwana biyu na tarar ta yanki wani tsohon zane ta ɗinka 'yar jaka da hannu. Ta ce in na kashe wayar in sa ta a ciki, don dai madubi madubi ne. Na karɓa. Har ruwa ya janye ta koma Guri, ina ludo tana tasbihi, kowa da abin da ya riƙe shi.

Telan Miga mako ɗaya ya yi a kan kujera. Juma'ar da ta biyo na koyi zama har ƙarshen fim, tuwo ya jira. Har na fita takaba ba wanda ya sake karɓar kujerar daga hannuna.

Wancan fim ɗin yana nan a wayar. 'Yata ta ce in ja shi zuwa ƙarshe in gani, minti biyar ne. Mutanen guruf sun sha rubuto mini amsar, ina gogewa ban karanta ba. An riga an faɗa mini sau ɗaya, da hannu mai miya, kuma ba na son jin ta daga wani bakin.