Gadar Aniruddha

A ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta birnin Pune, Dattatray Kelkar ne mai tace mujalla, kuma ba wanda ya tsira daga jan bironsa. Kowace Lahadi ana shan shayi ana musu da shi.

"Haba Kelkar-saheb, mu masu manna katako ne, ba ɗalibanka ba!" in ji Gadgil, abokin zolayarsa.

"Shi ya sa jirginka yake sauka daga layi kamar rubutunka."

Da Aniruddha Barve, wani ɗan ƙungiyar, ya rasu, mahaifinsa ya kawo rubutun ƙarshe da ya bari, bayanin yadda ake haɗa gadar dogo da siraran gora. Kurakurai sun yi yawa a ciki. Wasu suka ce a buga haka nan, wasu suka ce bai isa bugu ba. Kelkar ya karɓa ya tafi da shi gida. Aka ji shiru, har Barve, mahaifin, ya fitar da rai da za a buga.

Ashe Kelkar ba ya sakin rubutu sai ya ƙera abin da aka bayyana da hannunsa. Wata Lahadi ya iso da kwali, ya ɗora gadar a tebur, ya saki jirgi ya haye.

"Na gyara haruffa, Barve-saheb, aikina ke nan. Awon kuwa ban taɓa ko ɗaya ba. Ɗanka bai kuskure ba."

Aka buga rubutun a fitowa ta gaba. Gadar tana falon Barve, shi yake goge ta kowace safiya.