Binnen da na yi a gonar autana

Shekarun baya, autana ya shigo ɗakina da hantsi, ranar aiki, ya zauna a bakin tabarma. Da na ga bai sa takalmin ofis ba, na san da magana.

Ya ce ya ajiye aikinsa na sakatariyar ƙaramar hukuma a Kurfi. Wai zai zauna gida ya riƙa sayen hannun jari a waya yana saidawa, ya saya da safe, ya saki kafin la'asar. Na tambaye shi ina kayan suke. Ya nuna mini gilashin waya, wasu layuka ja da kore suna hawa suna sauka. Ni da ko alif ban sani ba a boko, na juya wayar na duba bayanta, ko can aka ajiye kayan. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ban hana shi ba. Na daɗe ina sayen hatsi da kaka in fitar da bazara, na san ciniki ba laifi ba ne. Na sa mai albarka.

Wata bakwai ana haka, sai matarsa ta raɗa mini cewa zai saida gonar da ya gada wajen mahaifinsa a Rawayau, ya ƙara jari. Har ya yi magana da wani Alhaji mai hatsi a Dutsin-Ma, za a zo a zagaya iyaka ranar Asabar. Na kira shi. Ya ce, "Inna, gonar tawa ce, kuma dama ce ta zo. In na ci riba sai in sayi biyu."

Na ce masa gaskiya ne, tasa ce.

Lokacin sama ba ta zubo ba tukuna. Ranar Alhamis da sassafe na kwance damin gero na iri da nake ratayewa a rumbu, na ɗauki sungumi, na hau mashin zuwa gonar tasa. Kwana biyu ina sara ina jefa iri cikin busasshiyar ƙasa, abin da muke ce ma binne. Bayana ya riƙe, layukan suka karkace kamar tafiyar akuya. Maƙwabtan gona suna cewa, "Iya, ki huta mana." Na ce sai na kai ƙarshen kunya.

Da Alhajin ya zo, ya tarar da ni zaune ƙarƙashin gawo. Ya dubi ƙasa, ya tona da yatsa, ya ga gero. Ya cire hula ya mayar. Ya ce shi bai taɓa sayen gonar da iri ke ciki ba, balle irin da tsohuwa ta binne da hannunta, a bar maganar sai an girbe.

Autana ya yi fushi. Hannun jarin da ya so saye ya tashi kuwa, ya zo ya nuna mini kore a waya. Sati uku gaisuwarsa ba ta wuce bakin ƙofa ba. Na daure.

Kafin kaka sai kasuwar ta juya masa, jarin ya kusa ƙarewa. Geron nan mai karkatattun layuka shi jikokina suka ci har wata damina. Ba wanda ya sake tada maganar Alhaji.

Har yau yana sana'arsa, wani lokaci ya samu, wani lokaci ya rasa. Amma sai ya zagaya gona kafin ya buɗe waya. Ni abin da na riƙe shi ne, a saida komai, ban da abin da za a sake farawa da shi.

Bana da bazara ta yi zafi, ya zo ya tsuguna ya ce, "Inna, ara mini sungumi." Na ce ya miƙe layukansa, kar ya yi irin nawa.