Mai Farar Fijo a Titin Yalwawa

Ban san sunansa ba, ba na kuma son sani. Ga shi nan tsaye a tsakiyar titi, farar Fijo a bayansa ƙofa buɗe, yana shurin tudun burji da tsinin takalmi. Mu 'yan unguwa muka tara tudun nan da shebur da kwanon sarki don masu mota su rage gudu, bayan wata ta banke Malam Ashafa a kan kekensa ta raba shi da ƙafar hagu.

Shaddarsa ta sha bugu, tumbi ya riga shi yin gaba. Yana magana yana kaɗa wa dattawa makullin mota a fuska. Ina jin cikin manyan ma'aikatan nan ne da muka samu tun da aka ba mu jiha, masu kwana a Kano su keto mu da safe kamar hanyar ba mutane. Irinsa rabonsa da tafiyar ƙasa tun yana firamare.

"Wa ya ba ku izini?" yake ta faɗa. "Kun fasa min salansa!"

Malam Ashafa na zaune a gindin darbejiya, sanda a cinya.

"Sannu, Alhaji," in ji shi. "Ita salansa ai ana samun wata a Kano."

Mutumin ya dubi ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil, sai ya durƙusa. Na ɗauka jaje zai yi. Ashe ƙarƙashin motarsa yake leƙawa.