Kawu da Jemagun Ma'aikata

Shekara talatin Kawu ya yi yana aikin lambu a ma'aikatar muhalli, kuma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma ni 'yar ƙanwarsa, da na yi akawu a wurin, na ce duk ginin babu wanda ya kai shi sanin aikin gwamnati.

A tsakar harabar akwai wata tsohuwar bishiya da jemagu suka mayar gida. Wata Farfesa ta shafe shekara huɗu tana ƙirga su, ta rubuta rahoto mai shafi ɗari uku, ta kawo wa Darakta. Rahoton ya yi amfani kam, da shi aka tokare teburinsa mai gajeriyar ƙafa.

A ƙarƙashin bishiyar nan ne Darakta yake ajiye mota. Wata Litinin ya fito ya tarar jemagu sun yi wa gilashin ado. Ya yi kicin-kicin da fuska.

"Mai lambu! Kafin Juma'a ka sare min wannan abar."

"An gama, ranka ya daɗe."

Kawu ya iske Farfesa tana haɗa takardunta, ido ya kawo ruwa. Ya ce, "Malama, me ke cikin littafin nan naki?" Ta yi awa guda tana bayani: jemagu na cin 'ya'yan itace, su tashi nesa, su zubar da iri, daji ya sake tsirowa.

"Wato kashinsu shuka ne."

"Kusan haka."

"To abokan aikina ne ke nan. Ba za a kore su ba."

Talata ya sanar cewa gatari yana sito, mai sito kuma yana hutu. Laraba ya ce sara sai da takarda, takarda sai da kwamiti. Duk abin da ya ga ana yi wa rahotanni, shi ya yi wa umarnin Darakta. Juma'a kuwa sai matsowa take yi.

Ranar Alhamis ya samo fenti, ya sa na rubuta masa allo: WURIN DARAKTA KAƊAI. Ya kafa shi a bakin ƙofar ofis, inda babu ko ganye, ya jera fararen duwatsu. Sannan ya shiga ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, abin ya daɗe yana damuna. Babba kamarka yana ajiye mota tare da yara?"

Darakta ya leƙa ta taga, ya gyara zama. "Ai na jima ina tunanin haka."

Tun daga ranar motarsa take gasuwa a rana cikin mutunci. Ba a sake maganar gatari ba.

Sai bayan shekara shida dokar kare mazaunin jemagu ta fito, da sunayen 'yan kwamiti goma sha huɗu. Na karanta sau biyu, babu Kawu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin ya yi ritaya, ƙafa ta hana shi fita, sai na kai masa takardar gida ina ta faɗa.

Ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo min.

"Ajiye, ko wani teburi zai buƙata. Ke dai gaya min, bana sun haihu da yawa?"