Kwanon Yaya Idi da Ya Riƙa Dawowa a Cike

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa a Roni, amma har yau in na ga ana fito da kwanukan tuwo ƙofar gida bayan magariba, sai raina ya sosu.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin dabbobi, wanda ya san rugagen Gwiwa kamar tafin hannunsa. Rediyo kullum tana rataye a babur ɗinsa. A unguwarmu ciyayya muke yi, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗu a tabarma ɗaya. A nan abin ya faru. Ana tsakiyar wani yaƙi a Gaza, kowa na tsine wa Isra'ila, shi ma yana ciki, don na sha ganin hawayensa a alƙunutu. Sai ya ce ya ji a rediyo cewa a cikin Yahudawan ma akwai masu fitowa titi suna cewa a daina, har da samarin da suka gwammace kurkuku da ɗaukar bindiga. Alhaji Sabo mai taki ya janye hannu daga kwano ya ce, "Malam Idi, yaushe ka zama lauyansu?" Yaya ya ce, "Alhaji, mu ɗin nan, duk abin da gwamnati take yi da sunanmu, shawararmu take nema?"

Ba wanda ya kore shi. Da korar aka yi ma da ta fi sauƙi. Kwanonsa kawai aka daina taɓawa, ni da shi mu ci, sauran ya koma gida. Matarsa Talatu ta ƙara man shanu, ta sauya miya, tana zaton hannunta ne ya lalace, shi kuwa bai taɓa gaya mata dalili ba. Aka laƙaba masa Idi Bayahude, da sunan ya koma ga Allah.

Yanzu wutar ta wuce Gaza, ta lashi Labanon, ta kai Iran. Makon jiya, a tabarmar nan dai, wayar Alhaji Sabo ke yawo hannu zuwa hannu, ana kallon mutanen Isra'ila sun cika titi suna zagin shugabanninsu. Ya ce, "Ashe a cikinsu ma akwai masu hankali." Na ce ai abin da Yaya ya faɗa ke nan. Sai wani ya ce Allah ya jiƙansa, a bar tone-tone. Wallahi baƙin ciki ya hana ni ƙarasa lomar da ke hannuna.

Da yana raye ba na jin zai yi murna. Zai ce masu zanga-zangar ba su hana bam sauka ba, wasunsu ma nasu kawai suke yi wa kuka. Shi bai taɓa cewa su ke da rinjaye ba. Cewa ya yi ba a taru an zama ɗaya ba, kada a yi wa mutane kuɗin goro. Wannan kaɗai ne laifinsa.

Babban ɗansa Nura ke fito da kwanon gidan yanzu, ana cinyewa tas, Talatu na murna wai hannunta ya dawo. Ni kuwa ba cin tuwon nake jira ba, so nake a wanke wa marayun nan sunan ubansu. Jiya na ba wani ɗan acaɓa saƙo, na ce ya kai gidan Malam Idi. Sai ya ce, "Baba, wane Idin? Bayahude?"