Ranar da Na Ɗauke Moda

Akwai randa a ƙofar gidana a Karaye, dab da shagon da nake ɗinki, kuma yau sati uku ke nan ita ta hana ni sukuni. Ƙafata tana kan keke, idona yana waje. Shekaranjiya har wuyan riga na ɗinka a baibai, ni da na fi shekara ashirin ina tela. Mutum ɗaya nake jira ya ɗaga murfin randar nan ya sha ruwa. Iyakar abin da nake so ke nan, kuma ya gagara.

Ajiye randa a waje ba dabarata ba ce, gadonta na yi. A Fulatan, inda na tashi, kakata Iya ba ta taɓa barin ƙofar gidanmu babu ruwa ba. Randa ce kafe a cikin yashi, da faifai a bakinta, da moda ɗaure da igiya. Mai dawowa daga gona ya sha, mai zuwa kasuwar Rogo ya sha, mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta sha. Babu sallama, babu godiya. Dokar Iya ɗaya ce: in baƙo ya sunkuya yana sha, ɗan gida ya kau da kai. Duk yaron da ta kama yana leƙe, kunnensa ne zai gaya masa.

Lokacin kaka ne muka fi morar ta. Da an idar da sallar isha sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, ta dire mana masakin gyaɗa. Iya ba ta tatsuniya kyauta. Hannu na ɓara, baki na zuba. Hannu ya tsaya, labari ya tsaya, ko da kuwa dodo ya riga ya buɗe baki. Ni ne na fi kowa ha'inci, in ɓare ɗaya in jefa biyu a baki.

"Ina ganinka, ragon miji," in ji ta. "Da wannan cin za ka riƙe ni? Gara in koma gidan ubana."

Muka yi dariya. Ta gyara zama, ta ce ga wata nan tafe, muka ce ta iso mu ji ta.

Wai an yi wata mata mai nisan rafi. Kullum sai ta yi sawu uku da tulu kafin randar ɗakinta ta cika. Randar kuwa irin mai kyau ce, mai tsattsafo, kullum gindinta da danshi, ruwanta sanyi har cikin haƙori. A cikin danshin nan wani kwaɗo ya tare. Duk safiya in ta juye tulu sai ya ce, "Sannu da aiki, uwar ɗaki." Iya takan kumbura kumatu in ta zo nan, ta yi maganar da muryar maƙogwaro, mu kuwa har da faɗuwa.

Rannan matar ta dawo wuyanta kamar zai karye, ta tarar da kwaɗo ya miƙe ƙafa yana shan sanyi. Abin ya ƙona mata rai. Ta ce, "Ni da ɗauka, kai da hutawa?" Ya ce, "Abin da randa ta zubar nake lasa, ban taɓa leƙa cikinta ba." Ba ta yarda ba. Ta tara ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin randar, ta zauna tana ƙirga ɗigo, ɗaya, biyu, har ƙoƙon ya yi rabi. Ta ce ashe rabin ƙoƙo take ciyar da ƙato a banza. Ta sa tsintsiya ta share shi waje, ta dama ƙaro da toka ta shafe jikin randar kaf, ko ɗigo ba ya fita.

To, randar da ba ta gumi ba ta sanyi. Kwana biyu ruwan ya koma kamar na wankan jego. 'Ya'yanta suka ƙi sha, mijinta ya koma sha a maƙwabta. Dole ta ɗauki sakaina ta kankare abin da ta shafa. Sanyi ya dawo, danshi ya dawo, sai dai yanzu sauro da kiyashi ne suka gaje wurin, don babu mai lashe su. Ta yafa mayafi ta tafi rafi biko. Ta sami kwaɗo a kan dutse, ta ba shi haƙuri, ta ce ya dawo, ko cikin randar yake so ya shiga.

Ya ce, "Na yafe, uwar ɗaki, har ga Allah. Amma ko na dawo, duk ɗigon da ya faɗo sai in ji kamar kina ƙirgawa."

Iya ta tono dankali tana hurawa.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Ta koma gida."

"Dodo bai cinye ta ba?" in ji ni.

"Kai dai ka cika son jini. Ba kowane hukunci ne yake zuwa da haƙora ba. Ta ƙare, kan ɓera ya ƙone, kowa ya kakkaɓe rigarsa."

Na tashi ina gunaguni. A ganina an cuce mu, mun ɓare masaki guda a kan labarin da ba a kashe kowa ba. Cikin tatsuniyoyin Iya duka, ita ce wadda na fi rainawa.

Da na yi aure na dawo Karaye, abin da na fara saya bayan katifa randa ce. Lokacin ruwa ba abin tunani ba ne. Yanzu kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Famfon layinmu sai ran da ya ga dama, rijiyarmu tana ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, sai mu koma kan 'yan garuwa. Jarkar da a da canjin aljihu ke saye, yanzu sai ka tsaya ka yi shawara da kanka. Ga masara ta hau, ga sabulu, ga zare da allura, ga masu kawo ɗinki sun ragu, don wanda bai ci ba ba ya tunanin sabuwar riga. Matata Hadiza ta koma yin wanke-wanke da ruwan da ta wanke shinkafa, ta kuma yi shara da na wanke-wanken. Yara in sun yi alwala sai an tara musu roba.

Mai kawo mana ruwa sunansa Malam Isiyaku. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, siriri, ba shi da yawan magana. Shekara shida yana turo kurarsa mai jarka goma sha biyu daga burtsatsen bayan kasuwa. Kullum in ya gama juye mana, sai ya tsuguna gindin randar waje ya sha moda biyu, ya shafa sauran a fuska, ya ce alhamdu lillahi. Ba ya shan na jarkokinsa. Na farko sun sha rana, na biyu duk wadda ya taɓa ta ragu, mai saye kuma sai ya yi magana.

Ranar da abin ya faru, wani ya fasa karɓar kayan da na ɗinka masa, Hadiza kuma ta aiko cewa gari ya ƙare. Ana haka Malam Isiyaku ya iso, ya ce, "Malam, sai haƙuri, daga yau an ƙara. Mai burtsatse ya ce man inji ya tashi."

Na ce, "Ku dai ba ku da tausayi. Wata nawa da ƙarin baya?"

"Wallahi ni ma saye nake, Malam."

Na biya ina huci. Ya tsuguna ya sha modarsa biyu kamar kullum, ni kuwa ina kallo, abin da Iya ta hana. Shaiɗan ya ce min, duba, ya sayar maka da tsada, ya dawo yana sha kyauta. Ai kuwa na zauna na yi lissafi: randar nan tana cin jarka guda a yini. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban iya zuwa wurin mai burtsatse ba, ban san inda masu mai suke ba, sai na huce a kan moda. Na sa almakashi na yanke igiyar, na jefa modar ƙarƙashin teburin yanka. Ban kwashe randar ba, kada unguwa ta ce wani abu. Na bar ta da ruwanta, na ɗauke abin sha. Dubi wannan wayon banza, Allah na tuba.

Washegari da azahar ya zo, rana kamar ta fasa kai. Ya juye ruwa, ya nufi randa, ya ɗaga murfin. Ya laluba inda igiyar take. Ya duba bayan randar, ya duba ƙasa. Sai ya ga guntun igiyar, yankan almakashi, tas. Tela ɗaya ne a gidan nan. Bai waiwayo ba. Ya mayar da murfin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ya kama kurarsa ya tafi.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hadiza da ta ji labari ta ce, "Malam, da ka gaya min, ai da na rage na wankana." Kafin la'asar na mayar da modar, har sabuwar igiya na sa.

Sai yanzu, da furfura a gemuna, na gane abin da Iya take nufi. Ina yaro na ɗauka labarin rowa ne, mai rowa kuma a ba shi kashi a wuce wurin. Ashe matar nan ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa, kamar yadda ta yi mana yanzu. Tsada ba aljihu kaɗai take ci ba. Tana sa ka fara ƙirga abin da iyayenka ba su taɓa ƙirgawa ba, kuma wanda ka fara ƙirga wa, kusan kullum, wanda ya fi ka wahala ne. Abin da ke tayar min da hankali shi ne har gobe lissafin nan yana kaina. Ina cika randar, wata zuciyar tana ce min jarka guda ce fa.

'Yan makaranta suna sha, masu acaɓa suna sha. Malam Isiyaku yana zuwa kullum, muna gaisawa lafiya lau, har ya tambayi yara. Randar ce kawai ba ya gani.

Jiya na kasa daurewa. Na tashi daga kan keke, na ɗebo da kaina, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga ruwa. Ka yafe min abin da na yi."

"Haba Malam, me ka yi? Zamani ne, kowa yana ji a jikinsa. Allah ya saka da alheri, na sha."

Leɓensa a bushe yake, har ya tsage. Na tsaya da moda a hannu, ya tura kurarsa. Sai da ya sha kwanar masallaci, inda yake zaton ba na hangen sa, ya tsaya. Ya kwance wata gorar roba da ta wuni a rana a jikin kurar, ya tsuguna ya juya wa titi baya, ya sha.