Direban da Ya Haddace Amsoshi

Rigimar farko da na ga an kayar da ƙanin mijina warwas, a kan riguna huɗu aka yi ta. Matarsa, wadda har yau muke kira Amarya duk da ta aurar da 'ya'ya uku, ta jera rigunan a igiyar shanya, ta aiko a kira ni in yi alƙalanci. Kowace riga da 'yan hujoji a ƙirji, zagayayyu, bakinsu a ƙone.

"Yaya, duba min nan," in ji ta. "Wai ruwan batir ne."

"Ruwan batir ne mana," in ji shi, yana kaɗa makullin mota. "Ke me kika sani a harkar mota?"

Na ɗaga riga ɗaya na leƙa shi ta cikin hujin. Na ce, "Direba, ni ma ban san mota ba. Amma batirin nan naka a leɓe kake ɗauke da shi? Na ga duk daga sama yake ɗigowa."

 Amarya ta zura hannu a aljihun riga ta huɗu ta zaro ashana. Ya ce ta kunna fitila ce. Ta ce fitilar mota? Ya ce ana jiransa a wurin aiki, ya fita har yana tuntuɓe da bokiti.

Ni matar yayansa ce. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, kuma tun yana da gashi a ka nake tsokanarsa yana ramawa. Da yayansa ya rasu, shi ya tsaya min tsayin daka, amma wannan ba abin da zan faɗa a gabansa ba ne, kada kansa ya ƙara girma. Ya tuƙa tifa, ya tuƙa tasi, daga baya Allah ya yanke masa wahala ya samu aiki da masu bincike na babban asibiti.

Aikinsu bin unguwanni ne da wata farar bas. In sun isa, sai a kafa rumfa a jikin motar, a ajiye tebur da kujeru biyu, a riƙa kiran mutane ana yi musu tambayoyi a kan taba da ciwon daji. Shugabarsu Likita ce, wata siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Nas ce ke riƙe da takardar tambayoyi. Abin da suka tara, Likita ke kai wa masu tsara doka, su san inda za a ƙara wurin gwaji da inda za a hana busa hayaƙi a cikin jama'a.

Shi kuwa gogan naka yana zaune a bayan sitiyari, taga a buɗe, kunne a miƙe. Shekara goma sha ɗaya yana jin tambayoyin nan safe da yamma. Ya haddace su tsaf, har da lambarsu. Ya san ta bakwai ce mai ƙaya: kana shan taba, ko ka taɓa sha? In ka ce e, sai Nas ta juya shafi, a sa safar hannu, a ɗauko tocila a leƙa bakinka, a rubuta sunanka. In ka ce a'a, sai a tsallake zuwa ta ashirin, kafin ka gyara zama an sallame ka.

Kuma a yi masa adalci, ba tuƙi kaɗai yake yi ba. Duk magidancin da ya turje ya ce shi ba zai zauna mace ta yi masa tambaya ba, Direba ake turawa. Zai dafa masa kafaɗa, ya kira shi maigida, ya yi masa wa'azin illar taba wanda ko Likita ba za ta iya ba, sai ka ga mutum ya biyo shi kamar rago. Yana zaunar da shi sai ya ce, "Bari in duba iskar taya." Ya zagaya bayan mota, ya dawo yana taunar kanumfari. Ban taɓa jin tayoyin da aka duba kamar na motar nan ba.

Wata rana Likita ta ce kafin su ƙara tambayar kowa, su fara da kansu, daga ita har mai shara. Aka zo kan Direba. Nas ba ta gama buɗe baki ba yake amsawa.

"Ta biyar, talatin da wani abu a tuƙi. Ta shida, lafiya lau. Ta bakwai, a'a. Tsallake zuwa ta ashirin."

Aka yi ta dariya. Likita ta ce da kowa kamar Baba yake, da sun huta. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Yaya, yau na ci jarrabawa. Ko ɗaya ban faɗi ba."

Nan kuskurensa yake. Shi a ganinsa jarrabawa ce, kuma wanda ya san amsar da ake so ba ya faɗuwa. Bai taɓa tunanin takardar nan tana nemansa ba ne don ta taimake shi.

Bayan wata bakwai na lura da wasu abubuwa. Mutumin da ke kurɓar shayi yana tururi ya koma ajiye kofi sai ya huce. Tauna ta koma gefe guda. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ce masa sanƙonsa ya fara haska tsakar gida, bai rama ba. Na tare shi da rana a bakin famfo.

"Buɗe bakinka."

"Yaya, ki bar wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Ya waiga ya ga ba kowa, sannan ya buɗe. Wani farin tabo ne a gefen harshe, kamar an manna masa ɓawon ƙwai. Na ce tun yaushe. Ya ce sati biyar. Sai ya ci gaba da kansa, da muryar da yake yi wa mutane wa'azi, amma a hankali: "In miki ko tabo ya wuce sati uku a baki bai warke ba, a je a duba."

"To kai da ka san karatun, me kake jira?"

"Da wane ido zan kalli Likita? Ni ne fa nake jawo mata mutane." Ya shiga wanke hannun da ba datti. "Kuma Yaya, na kai mutane da yawa babban asibiti a motar nan. Na san waɗanda na dawo da su. Na san waɗanda ban dawo da su ba."

 Ya sa na yi alkawari ba zan kai ƙararsa wurin Likita ba, ba zan gaya wa Amarya ba. Na yi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na riga na binne yayansa, ban shirya binne abokin faɗana ba.

Ana nan sai layi ya zo kan unguwarmu. Na ji labarin ya gaya musu titinmu duk ramuka ne, mota ba za ta shiga ba. Likita ta ce to su tafi a ƙasa. Motar ta shiga.

Na yi wanka, na ɗaura zanen fita, na yafa mayafi, na je na bi layi kamar kowa. Na yi alkawari ba zan kai ƙara ba. Ban yi alkawarin yin ƙarya in an tambaye ni ba. Da na zauna, ina hango idanunsa a madubin mota.

Nas ta fara. Da ta tambayi shekaruna na rage biyar, wannan tsakanina da ita ne. Ta bakwai na ce a'a, da gaskiyata. Aka tsallake zuwa ta ashirin. Sai tari ya sarƙe Direba, don ya san abin da ke biye. Nas ta buɗe baki za ta karanta ta ashirin da ɗaya, sai hon ya ɗauki ƙara.

"Afuwan, gwiwar hannuna ce," in ji shi ta taga.

Nas ta maimaita. "Mama, akwai mai shan taba a gidanku?"

"Akwai, 'yata."

"Ya kai shekara nawa yana sha?"

"Shan tabarsa ma ya girme ki."

"Za mu iya ganinsa?"

"Ba sai kun wahala ba. Ga shi can a bayan sitiyarinku yana zare min ido. Ku leƙa harshensa, gefen hagu."

 Likita ta ajiye biro. Na zaci faɗa za ta yi, amma ko kallon banza ba ta yi masa ba. Ta sa safar hannu da kanta, ta ɗauki tocila, ta je har bakin ƙofar mota.

"Baba, sauko."

Ya sauko, ya buɗe mata baki. Ta daɗe tana dubawa. Da ta kashe tocilar ta ce, "Gobe da safe za mu asibiti. Ba kai za ka tuƙa ba, a baya za ka zauna."

A asibitin suka yanki ɗan nama daga tabon aka kai ɗakin gwaji, aka ce a jira kwana goma sha biyu. Amarya da ta ji, sai ta riƙa fifita masa shayi kamar na jinjiri. Ni kuwa ya daina gaishe ni. Na ce ba komai, in dai yana da ran da zai yi gaba da ni, na gode.

Ranar sakamako mu uku muka je. Muka zauna a dogon benci a baranda, warin magani ya cika hanci, kowa yana kallon takalminsa. Likita ta kira mu. Ta ce ba ciwon daji ba ne tukuna. Irin tabon ne da in an bar shi yana iya komawa can, amma an tare shi a hanya. Za a cire, za a riƙa duba shi lokaci-lokaci, kuma taba ta ƙare.

Amarya ta fashe da kuka. Ni dariya ce ta kama ni, irin wadda ba ka iya tsayarwa, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ga ko ni ce marar lafiyar. Direba ya sunkuyar da kai yana ta hamdala, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa. Da muka fito ya riƙe min hannu a matakala, wai kada in faɗi. Ni na san wanda ke neman abin dafawa.

Aka yi aikin. Sati biyu ba ya iya magana sosai, kuma tun da na shigo gidan nan ban ga zaman lafiya irin na sati biyun ba. Barin tabar bai zo da sauƙi ba. Sau uku yana komawa, ya yi faɗa da ƙofa, ya yi faɗa da rediyo. Yanzu shekara biyu ke nan ko kara ɗaya bai sha ba.

Da ya koma aiki, Likita ta zaunar da shi ta tambaye shi, a ganinsa maza nawa ke cewa a'a alhali suna sha. Ashe wannan ne ilimin da ya fi kowa. Shi ke bayan mota, wurinsa suke zagayowa neman wutar kunna taba da zarar an sallame su. Ya lissafa mata unguwa-unguwa. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Daga nan suka sake tsari: duk baligin da ya zauna a kujerar nan, ko me ya amsa, sai an leƙa bakinsa. Tsofaffin alƙaluman ma sai da ta koma kansu.

Kwanan baya muna zaune a tsakar gida, gardama ta tashi tsakanina da Amarya a kan wa ya ceci ransa. Ta ce ita ta yi jinya. Na ce da ban zauna a kujerar nan ba, da ba ta sami wanda za ta yi wa jinyar ba. Yana gefe yana shan shayinsa da zafi, yana murmushi. Abin ya ba ni haushi, na juya kansa.

"Kai kuma har kana da bakin murmushi? Mutumin da ya ɓata wa bayin Allah bincike da ƙarya?"

Ya ajiye kofin a hankali, ya gyara hula.

"Yaya, shekara goma sha ɗaya suna yawo da takarda da biro ba su gano ana yi musu ƙarya ba. Ni da rabin harshe na gano musu. In godiya ake rabawa a gidan nan, ku biyun ku bi layi a bayana."